Casa'in Ɗin Malam Iro

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso kusa. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a baranda, yana zaton kunnena ya tsufa. Wai gashin ƙashi ai ba wani aiki ba ne, tausa ce da ƙirge: ka ce wa mutum ɗaga, sauke, ɗaga, sauke, ka sa hannu a kati ka tafi gida. Ba zan kama suna ba, ga shi can yana sosa ƙeya. To madalla. Ni ma da wannan tunanin na shigo, shekara talatin da 'yan kai ke nan, da farar riga ta sha guga, ina jin kaina likita da rabi.

Wadda ta sauke mani girman kan nan wata mata ce daga Filato, Madam Rifkatu, gajeruwa, ba ta dariya kafin azahar. Ranar farko ta miƙo mani tef irin na teloli, ta ce in rataya a wuya. Na ce, "Madam, ni fa ba ɗinki na karanta ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, mara lafiya zai ce maka ya yi. Katinshi zai ce ya yi. Matarshi ma za ta rantse maka ya yi. Kai dai auna ƙafar, kuma ka sa shi ya yi a gaban idonka." Wata shida na yi ba abin da nake sai awon sharaɓa, wato tsokar nan ta bayan ƙwauri. Abin ya bi jikina har a masallaci in na sunkuya sai in iske idona yana auna na sahun gaba, Allah ya yafe mani.

Kayan aikinmu kuwa kun gan su, ba abin burgewa. Bulo guda, wanda ake tsayawa bisa bakinshi. Tsohon tub na babur da muke yankawa a ja da ƙafa. Buhunan yashi, sikeli, da tef. Abu ɗaya mai tsada shi ne na'urar sikanin mai hasko cikin jiki, ita ma ba tamu ba ce, tana bene ɗakin Hajiya Asabe, sai mun roƙa ake duba mana ƙafa. Da waɗannan tarkacen muke fama da agara, jijiyar nan mai kauri da ta ɗaure sharaɓa da diddige. Ku masu cin ƙafar saniya kun san ta, ita ce ke gagarar haƙori. Agara ba ta jin lallashi. Ka kwantar da ita ta lalace, ka yi mata gaggawa ta kumbura. Nauyi take so, kaɗan-kaɗan, kullum, har wata uku, kuma mai ƙafar ne zai ɗauka da kanshi.

Nan rigimar take, don mutanenmu a yi masu suke so. A shafa, a matsa, a soka allura, su kuma suna kwance. Akwai shekarar da wani ya buɗe shago tsallaken titi da wata kujera mai jijjiga. Ka zauna, a danna, ta yi ta girgiza ka har haƙora su riƙa haɗuwa, ka tashi wai ka warke. Wallahi ɗakin nan ya koma fayau. Wata bakwai muna zaune muna korar ƙuda, har aka fara jibge mana katifun da suka lalace, ana shirin mai da wurin sito. Ni kaina na je na hau kujerar, don bincike. Binciken ya kai ni sau huɗu, gaskiya akwai daɗi. Daga baya suka dawo mana ɗaya bayan ɗaya, suna ɗingishi, ba wanda ya ce da mu uffan, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan wannan shekarar ne Malam Iro ya zo mani, wata ranar Talata. Mai sayar da huluna ne a Ƙofar Durbi, ya haura sittin, kuma saura sati goma sha shida jirginsu na Makka ya tashi. Tare yake da amininshi Mamman Dogo, tsohon magini, tun suna ƙauye tare suke. Mamman na dogara sanda, ya fi mara lafiyar kama da mara lafiya.

Na ce, "Baba, mi ya sami ƙafar?"

Malam Iro ya ce, "Kwata na tsallake, ina ɗan sauri."

Mamman ya ce, "Gudu yake, likita. Ragon maƙwabta ya biyo shi. Har hula ta faɗi, mai hula guda."

"Sauri nake."

"Da rago a bayanka."

Wata takwas ke nan da abin. Ya je wurin maɗori, an ce ba karaya. Wanzami ya yi mashi ƙaho. Ya shafa man zafi har gashin ƙafar ya ƙaura. Kujera mai jijjiga ma ya hau ta, na gane shi ma, mun taɓa haɗuwa a layi, sai dai ni da shi duk muka yi kamar ba mu san juna ba. Na auna sharaɓar na rubuta, na taɓa agarar dama, ya yi salati ya janye. Ta yi ƙullutu a tsakiya, kuma ya ce kullum da asuba sai ya dafa bango yake kaiwa ga buta.

Muka hau bene wurin sikanin. Mamman na hutawa duk taki uku, yana tsine wa wanda ya gina matattakalar, wai ba a yi mata awo ba. Malam Iro ya leƙa ya ga mata masu juna biyu jere bisa benci, ya ja da baya ya kama hannuna. "Likita, nan kuwa?" Wata mai bakin tsiya daga cikinsu ta matsa mashi wuri ta ce, "Zauna, Baba. Wata nawa ne?" Benci ya kwashe da dariya. Da ƙyar na shigar da shi. Hajiya Asabe ta sa shi ya kwanta rub da ciki, ta matsa mashi man nan mai sanyi mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ta ɗora kan na'urar bisa diddige. Ta hagu ta fito a allo zare-zare, a jere, gwanin sha'awa. Ta dama kuwa ta yi ƙiba a tsakiya kamar igiyar guga da ta fara warwarewa, ga wani baƙin tabo a ciki. Ba ta tsinke ba, amma ta gaji.

Da muka sauko ya tambaye ni abin da ya kawo shi. "Likita, zan yi ɗawafi da ƙafata?"

Na ce akwai kekuna a can, ana tura mutum, ba laifi ba ne.

Ya ɓata rai. Ya ce, "Shekara ashirin ina kallon Ɗakin nan a kalanda jikin shagona. In je kuma a tura ni kamar buhun masara? Da ƙafata nake so in zagaya shi. In ba za ta iya ba ka faɗa mani gaskiya."

Na ce za ta iya, in ya ba ni sati goma sha biyu daga cikin sha shidan nan. Na ɗora shi bisa bulo, ya dafa bango, diddige a waje. Ya yi ɗage da ƙafa biyu, ya ɗauke ta hagu, ya sauko a hankali da ta dama kaɗai. Sha biyar sau uku da safe, sha biyar sau uku da yamma, casa'in ke nan kullum. Na ba shi kati ya riƙa sa alama. Na ce, "Zai yi zafi, ɗan zafi ba komai. Ran da ka ji babu zafi ko kaɗan, ka faɗa mani in ƙara nauyi." Mamman na gefe yana kallo da idon magini, yana gyaɗa kai, har ya tambayi tsawon bulon.

Bayan sati biyu suka dawo. Ranar layi ya kai bakin ƙofa, ni kaɗai ne, ko karyawa ban yi ba. Na karɓi kati, cike yake da alama, ba fashi ko na rana ɗaya. Na ce, "In ana yi akwai zafi?" Ya ce, "Ko alama, likita. Sai dai da asuba." Na ji daɗi, na ce to a samo jakar makaranta ta goyo, a zuba yashi kilo biyar, a goya. Tef na rataye a wuyana ban taɓa shi ba, bulo na gefena ban ce ya hau ba. Sati huɗu, haka dai: kati cike, zafi babu. Na ce a mai da yashin kilo goma. Mamman ya zabura. "Goma, likita? Ba ka tsoron Allah? Mutane fa sun manyanta!" Na ce a raina, kai, wannan amini da tausayi yake.

Sati shida muka koma sikanin. Malam Iro na jan ƙafa yana riƙe ƙarfen matattakala. Mamman Dogo kuwa ya saƙale sanda a hammata, ya haye bibbiyu, ya tsaya can sama yana ce mana mu yi sauri. Na lura, amma kaina bai kawo komai ba.

Hoto ya fito kamar an kwafi na farko. Wannan bai tada mani hankali ba, kuma ku riƙe shi: hoton agara yakan makara. Mutum na iya warkewa yana tsalle, allo na nan yana nuna ƙullutu. Hajiya Asabe ce, da ke riƙe da ƙafar, ta ce, "Malam Bishir, ƙafar nan fa ta rame." Sai a lokacin na cire tef. Sharaɓar da ake cewa tana ɗaukar kilo goma sau casa'in kullum ta ragu da rabin inci. Na sauko da shi na ɗora bisa bulo, ba jaka ba komai. Ya yi ɗaya. Ya yi biyu. A na uku ya rungume wuyana muka kusa zubewa tare.

Na danne zuciyata na ce, "Baba, yaushe ake yin aikin nan, kuma a ina?"

Ya ce, "Bayan la'asar, bakin shago. Ka zo ka gani mana, har 'yan kallo gare mu."

Na je a ranar. Na ajiye babur daga nesa na taka. Gaban shagon hulunan akwai bangon wani tsohon sito, ba taga ba ƙofa. Jikin bangon nan dattawa shida ne a jere, kowa bisa bulonshi, kowa ya naɗe ƙafar wando, kowa goye da jakar makarantar jikanshi. Ta Mamman mai ruwan hoda ce, da hoton 'yar tsana. Su tashi tare, su ɗauke ta hagu tare, su sauko tare. Malam Iro kuwa yana bisa kujerar roba, ƙafa a kan matashi, carbi a hannu, yana ƙirgawa. "Goma sha ɗaya! Malam Audu, a hankali ake sauka, likita ya ce a hankali!" Mai rake ya kafa baro a gefe saboda 'yan kallo. Abin da ya fi ƙona mani rai, tun da nake aikin nan ban taɓa ganin waɗanda suka iya shi kamarsu ba. Ko kuskure ɗaya babu.

Suka gama sha biyar, suka sauke jakunkuna, suka yo kaina da murna. "Likita, barka da zuwa! Ina gajiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya masu jiki?" Ina amsawa kaina na juyawa. Aka ba ni benci, aka kawo shayi. Na ce, "Malam Mamman, mi nake gani haka?"

Ya ce, "Casa'in ka ce. Mu shida ne. Kowa sha biyar, kafin shayi ya huce an gama. Na safe da na yamma duk muna haɗewa."

Ashe ranar farko Malam Iro ya gwada da kanshi a ƙofar gida. Ya dafa katangar maƙwabci, ya yi ɗage, ya sauko, ya yi ɗage, ya sauko. Kai na leƙawa bisa katanga yana ɓacewa, ga matan gidan a tsakar gida suna wanki. Kafin ya kai goma maigidan ya fito da taɓarya, shi ne dai mai ragon. Sai da liman ya shiga tsakani. Malam Iro ya rantse ba zai ƙara ba, mutum da furfurarshi a ce yana leƙen gidan mutane. Shi ne 'yan majalisarshi ta bakin shago suka zauna suka yanke shawara.

Na ce, "To ai ba a yi wa mutum wannan."

Mamman ya ajiye kofi. Ya ce, "Tsaya, likita. Da damina ta kayar mashi da katanga, wa ya tada ta? Mu. Shekarar da ya kwanta, gonarshi ta ƙauye wa ya nome? Gayya muka yi, gero kuma ya fito, bai ce ai ba Iro ya nome ni ba. Ran sauka ba raba izu ake ba, kowa ya ɗauki nashi? To mutum na ciwo, ƙafa kumbure, sai mu zauna muna shan shayi yana wahala a gabanmu? Mu waɗanne irin mutane ke nan?"

Sauran suka ce, "Ƙwarai kuwa!"

 Ba a koya mana amsar wannan a makaranta ba. Can na ce, "Malam Mamman, in Malam Iro na jin yunwa, kai ka ci tuwo, zai ƙoshi?"

"A'a, wannan ai ciki ne. Ciki daban, ƙafa daban."

"Mi ya raba su?"

"Kai ne likita, ni za ka tambaya?"

Na ga baki ba zai yi ba. Na ce gobe da safe su zo su biyu. Washegari muka hau bene, mai bakin tsiyar nan kuma kamar jira take, ta ce, "Lale, yau Baba ya zo da abokin awo!" Na roƙi Hajiya Asabe ta kwantar da Mamman, ta ɗauki agararshi, ta ajiye hoton gefe da gefe da na Malam Iro. Ta Mamman zare-zare, santal, kamar sabuwar igiya. Ta Malam Iro ga ƙullutu, ga baƙin tabo. Tsakanina da ku, ko Mamman bai taɓa hawa bulo ba haka hotonshi zai fito, tunda agararshi lafiya lau take tun asali. Hajiya ta sani, ni ma na sani, muka haɗa ido muka bar shi a haka. Na ƙara da tef, wanda shi ba ruwanshi da dabara: sharaɓar Mamman ta yi tauri kamar ta ɗan dako.

Malam Iro ya tashi zaune, man na bin diddigenshi. "Wato sati shida ina saya maku shayi da ƙosai, ashe ƙafafunku kuke ginawa? Da sunana? Shi ya sa Audu ya daina hawa acaɓa!"

Hajiya Asabe ta juya baya kafaɗunta na rawa. Mamman bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon allon nan, ya dubi nashi, ya dubi na amininshi. Ya ce, "Saura sati nawa jirgi?"

Na ce goma.

"Kai kuma nawa kake so?"

"Sha biyu."

Ya ce, "Mu muka cinye mashi ke nan." Ya sauko daga gadon ya sa takalmi, ya manta sandar ma a ɗakin.

Ni kuwa kunya ta rufe ni, don laifin nawa ne. Su taimako suka yi iyakar saninsu. Ni ne na san daidai, na karɓi kati na bar ƙafa. Da yamma na buga wa Madam Rifkatu waya, lokacin ta yi ritaya ta koma gida, na kwashe labari na faɗa mata ina jiran ta ce ayya. Ta ce, "Ina tef ɗinka yake?" Na ce yana wuyana. Ta ce, "To ka gaishe shi," ta kashe.

Mamman ne ya gyara abin da ya ɓata. Ya kawo bulo na bakwai ya ajiye a tsakiyar layi, ya ƙwace kujerar roba da matashin ya kulle a shago. Ya kafa doka: tunda Iro zai yi casa'in, kowa casa'in, da hantsi da bayan la'asar. Malam Audu ya ce shi ba rago ya biyo shi ba, Mamman ya ce ya mayar da ƙosan da ya ci. Mutum ɗaya jikin bango leƙe yake, amma bakwai ba wanda zai ce leƙe suke, sai dai a ce sun zautu, wannan kuwa unguwa ta riga ta gama faɗa. Muka koma farko, ba jaka, ƙafa biyu ma a satin farko. Yanzu kam akwai zafi. Tun daga bakin titi kake jin Malam Iro yana cewa, "Allah ya isa tsakanina da ragon nan!" Mamman na gefenshi yana ƙirgawa, in ya ga ya yi ha'inci a sauka sai ya maimaita lambar. "Tara. Tara. Har yanzu tara, Iro."

Duk Juma'a bayan masallaci ina can da tef. Ba na karɓar kati kuma, sai ya hau a gabana. Sati uku ya daina dafa bango da asuba. Sati biyar muka goya mashi kilo biyar, a jakar 'yar tsana, Mamman ya ba shi aro. Mamman ya bi alhazan unguwa da tambaya, ya ji ɗawafi ba takalmi ake yi ba, bisa daɓe mai tauri. Sai ya fara sa shi zagaya siton nan sau bakwai ƙafa ba takalmi, ya share ƙayoyi da kwalabe da kanshi tukuna. Daga baya suka riƙa takawa daga Ƙofar Durbi har hasumiyar Gobarau su dawo, Mamman a gaba, Malam Iro a baya yana mita, wai ko soja ake ba hutu.

Saura kwana huɗu jirgi muka yi hoto na ƙarshe. Baƙin tabon ya ɗan dushe, ƙullutun na nan. Malam Iro ya ga haka jikinshi ya yi sanyi. Ya ce, "Duk wahalar nan?" Na ce ya bar allo, ya zo ƙasa. Ya hau bulo da kilo goma a baya, ƙafar dama kaɗai, ya yi sha takwas bai ko taɓa ni ba. Tef ya ce rabin incin nan ya dawo har da ƙari. Na ce, "Baba, za ka zagaya da ƙafarka, in sha Allahu. Amma da sharaɗi. Sati biyu muke bin ƙafar nan, ba ta gama ba. Ka yi abin da ya wajaba ka zauna. Ban da ƙari, ban da yawon kasuwa, ban da bin samari. Ka ji?" Ya ce ya ji. Mamman ya ce, "In ya karya doka ka faɗa mani, ni zan yi maganinshi."

Bayan wata biyu ina zaune sai ga sallama. Alhaji Iro ne yanzu, da haƙorin Makka yana walƙiya, da ledar dabino da 'yar gorar zamzam. Muka gaisa, na yi mashi barka da sauka, ya amsa. Amma na ga takun, yana ɗan ɗingishi. Na ce mu hau bene. Ya hau shi kaɗai, ya wuce bencin matan ba ko waige, ya kwanta tun ba a ce ya kwanta ba.

Hajiya Asabe ta ɗora na'ura. Agarar na nan lafiya, ba ta ƙara lalacewa ba, amma ga kumburi sabo kewaye da ita, irin na ƙafar da aka ba aikin da ya fi ƙarfinta. Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, ɗawafin da ƙafarka ka yi?"

"Da ƙafata. Da Safa da Marwa, da jifa, duka. Keke ko taɓa shi ban yi ba."

"Alhamdu lillahi. To wannan kumburin fa? Mi ka ƙara?"

Ya ce, "Umra ɗaya, bayan an gama."

Na ce, "Haba, Alhaji! Haba! Mi na ce maka? Zagaye bakwai da tafiya bakwai, bisa ƙafar da ta riga ta gaji? Wallahi sai na haɗa ka da Malam Mamman. Yana ina ma, yau ya bar ka kai kaɗai?"

Bai ɗago ba, fuskarshi na cikin matashin gadon. Ya ce, "Ai ta Mamman ce umrar. Muna Mina aka bugo mani. Zazzaɓi ne, kwana uku."

Hajiya ta ɗauke hannunta daga na'urar. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ban san sau nawa na faɗa ba. Mutuwar nan ta dake ni ƙwarai.

Ya ce, "Ban yi gaban kaina ba, likita. Sai da na sami malamin tawagarmu. Na ce, Malam, akwai wanda ya yi sati shida yana hawa yana sauka domina, da yashi a bayanshi, likitana ya ce ba a yi wa mutum wannan. To ita umra fa? Ya ce ita kam ana yi." Sannan ya ce, "A hankali na yi ta. Ina ƙirgawa ina jin shi yana maimaita mani lamba."

Na karɓi tsumma hannun Hajiya na goge mashi man da ke diddigenshi. Kumburin nan sati biyar ya ɗauke mu kafin ya sauka, kuma ko sau ɗaya ban ƙara yi mashi faɗa a kai ba.